Kwana 12 a hannunmu a Tamil Nadu: ina za mu kai Hajiya?

Ɗan Hajiya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙasar nan. Mun kawo mahaifiyarmu aikin gwiwa Chennai, babban birnin jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya, yau makonmu na shida. Alhamdu lillahi aiki ya yi kyau, ta fara takawa da sanda, likita ya ce mu dawo bayan kwana 12 a sake dubawa kafin a sallame mu. To Hajiya ta gaji da ɗaki. Mace ce da ta saba da tsakar gida da kaji da shigowar maƙwabta, yanzu daga gado sai taga, daga taga sai gado. Jiya bayan la'asar ta ce min, "Yanzu haka za mu koma gida ban ga komai a ƙasar mutane ba sai farin bango?" Maganar ta tsaya min a rai. Wata ma'aikaciyar jinya ta lissafa min wurare: tsaunukan shayi na Ooty, manyan wuraren bautarsu na Madurai da Thanjavur, da magangarar ruwa ta Courtallam. Mu uku ne, ni da ƙanwata da Hajiya, kuma muna farkon watan Agusta. Wanne zai yiwu, wanne zan haƙura da shi?

Ɗalibar Coimbatore:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a Coimbatore, gindin tsaunukan da aka faɗa maka. Kafin komai ka tambayi likitanta, sannan ka leƙa ofishin da ke kula da baƙi a asibitin, tunda bizar jinya kuka shigo da ita. Kada fasfo ya bar jikinku. Kuma ka kama masauki tun kafin ku tashi, ka gaya musu ƙarara cewa ku 'yan Najeriya ne. Dokarsu ta ce duk masaukin da ya sauki baƙon waje sai ya cike wata takarda da ake kira Fom C ya aika wa hukumar shige da fice, ƙananan masaukai da yawa ba sa son wannan aikin. Ni an taɓa maido ni daga bakin ƙofa ƙarfe goma na dare ana ruwa, bayan na riga na biya ta waya. Ba na so hakan ya sami tsohuwa mai sanda.

Game da tsauni, kada ku kwana a Ooty, ku kwana a Coonoor. Ooty tana kan tsayin mita 2,240, da dare sanyin na shiga ƙashi, ga cunkoson motoci. Coonoor wajen mita 1,850 ce, sanyinta da sauƙi, kuma nan ne ganyen shayin yake tun daga bakin titi har inda ido ya tsaya. Akwai jirgin ƙasa na dare daga Chennai da ke isa Mettupalayam da asuba. Daga nan ƙaramin jirgin tsauni ke tashi wajen ƙarfe bakwai da minti goma. Kilomita 46 kacal, amma awa biyar yake yi, don hawan ya yi tsayi har sai da aka shimfiɗa wani ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layin dogon, injin tururi irin na da yana turo taragon daga baya yana cizon haƙoran. Ana ratsa ramuka 16 da aka huda cikin dutse. Tun 1899 yake kaiwa Coonoor, ya isa Ooty a 1908. Sai dai kujerunsa ƙanana ne, ba wurin miƙe ƙafa. Awa biyar ta yi wa gwiwar Mama yawa. Ku ɗauki mota daga Mettupalayam zuwa Coonoor, in ta huta kwana biyu ku hau jirgin daga Coonoor zuwa Ooty, awa ɗaya da 'yan mintoci ne.

Mai Kayan Keke:
Ƙanina, ni sana'a ce ke kai ni. A Hosur ake ƙera Keken TVS ɗin nan da ya cika titunan Kano, can cikin Tamil Nadu, kuma kamfanin ma a Madurai ya faro, da motocin haya, tun 1911. Idan ka sauka a Madurai ka ga masu ƙafa uku rawaya suna kutsawa, sai ka rantse kana Ƙofar Wambai. Abu ɗaya zan ja maka kunne: Indiyancin da muka tsinta a fina-finai ba ya aiki a can. Harshensu Tamil ne, suna kishinsa ƙwarai, a 1965 har rayuka aka rasa a zanga-zangar ƙin a ɗora musu Hindi. Ka riƙe waɗannan: wanakkam shi ne sannu, nandri na gode, tanni ruwa, palliwasal masallaci. Da su da ɗan Turanci za ka je ko'ina. Kuma ka yi ciniki da mai keke kafin ka hau.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Allah ya ba Hajiya lafiya mai ɗorewa. Tsauni da ruwa ban ce komai ba, halittar Allah ce, a je a yi tasbihi. Amma wuraren bautar gumaka fa? Ɗan'uwa, Allah ya ba mahaifiyarka sauƙi, sai godiyar ta zama ka kai ta inda ake yi wa wani sujada ba shi ba? Sayyidina Umar ya ce wa Nasaran Sham ba ma shiga majami'unku saboda siffofin da ke ciki. Waɗancan ma Ahlul Kitabi ke nan. Ina ga inda gumaka dubbai ne a jikin hasumiya tun daga ƙasa har sama? Ni shawarata ka cire wannan daga lissafi.

Malamin Tarihi:
Allah gafarta Malam, maganarka tana da asali, ban raina ta ba. Amma a bar ni in kawo ɗaya gefen. Alƙur'ani ya maimaita mana umarnin mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba. Albiruni ya zauna ya koyi harshen malaman Hindu, ya rubuta addininsu da lissafinsu wajen shekarar 1030, imaninsa bai girgiza ba. Ibn Baɗuɗa da ƙafarsa ya shiga Madurai lokacin da sarakunan Musulmi ke mulkinta, ya auri ma 'yar wanda ya kafa sarautar, Jalaluddin Ahsan Shah. Shi ɗin dai ne ya zo Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353 ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir. Mutum ɗaya ya ga Madurai ya ga ƙasarmu.

Na je Thanjavur sau biyu, kuma abin da ya tsayar da ni ba gunki ba ne, aikin hannun ɗan Adam ne. Sarki Rajaraja na daular Chola ya kammala ginin a 1010, hasumiyarsa mita 66, duk da dutse mai tauri, a ƙasar da take shimfiɗaɗɗiyar fadamar kogin Kaveri, ba dutsen a kusa, sai da aka jawo shi daga nesa. Shekara dubu da 'yan kai tana tsaye. Abin da ya fi burge ni rubutun da ke zagaye da gindin bangon. Na ɗauka addu'o'i ne, ashe yawancinsa lissafi ne: wa ya ba da zinariya nawa, wane ƙauye zai kawo shinkafa mudu nawa, makiyayi nawa aka damƙa wa dabbobi don su riƙa kawo man fitila, albashin makaɗa da masu gadi da mata 400 masu rawa, kowace da sunanta. Sun sassaƙa littafin baitulmali a jikin dutse inda kowa zai karanta. Wanda ya fito daga ƙasar da ake neman takardun kwangilar bara a rasa, dole ya tsaya ya yi tunani a gaban wannan bangon.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Malam, ayar tafiya a bayan ƙasa cewa ta yi a duba yadda ƙarshen masu ƙaryatawa ya kasance. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijr, garin Samudawa, cewa ya yi kada a shiga sai ana kuka, ya rufe kansa ya yi sauri. Bai tsaya yaba sassaƙa ba. Kuma can kufai ne. Nan fa ana kan bautar, ana kaɗa ƙararrawa, a shafa maka toka a goshi.

Malamin Tarihi:
Ba wanda zai shafa maka sai ka miƙa goshin. Ka ɗora hannu a ƙirji ka girgiza kai, sun gane. Malamai sun yi saɓani kan shiga irin waɗannan wurare, wasu sun hana, wasu sun karhanta, wasu sun halatta in ba za a yi tarayya cikin ibadar ba. Ban isa in yanke ba. Abin da nake roƙo kawai, wanda ya zaɓi zuwa ya je da ladabi. Suratul An'am ta hana mu zagin abin da suke kira. Kuma a san tarihi kafin a buɗe baki: a 1311 rundunar Malik Kafur daga Delhi ta washe wurin bautar Madurai, abin da ake gani yau sarakunan Nayak ne suka sake ginawa a ƙarni na 16 da na 17. Mutanen garin ba su manta ba, duk da haka za ka ga masallacin Kazimar, wanda ya haura shekara 700, yana nan cikin gari ana kiran salla.

Ɗalibar Coimbatore:
Malamaina, ku gafarce ni in shiga tsakani. Su ma masu wurin ba so suke mu kutsa ko'ina ba. A Madurai wanda ba Hindu ba ba ya shiga ƙuryar ciki, akwai allo a rubuce. A watan Janairun 2024 ma Babbar Kotun Madras ta umarci a kafa alluna a wuraren bauta cewa wanda ba Hindu ba ya tsaya daga sandar tutar da ke gaban ɗakin bauta. Kuma tun gobarar 2018 an hana shiga da waya a Madurai, ana ajiye ta a ƙofa tare da takalmi. To Yaya ka lissafa: Mama ba takalmi, dutse ya sha rana, layi, bincike, tafiya mai nisa a ciki. Ko ba batun addini, Madurai ba ta dace da ita yanzu ba. Hasumiyoyin 14 ne, mafi tsayi ta kudu ta kusa mita 52, daga kan titi ana ganinsu sarai. Thanjavur kuwa fili ne buɗaɗɗe, mutum na iya tsayawa a farfajiya ya ga ginin gaba ɗaya bai shiga inda ake bauta ba.

Baƙon Maraɗi:
Malamin Tarihi ya ambaci Takedda, na ji daɗi, ƙasarmu ce. Ni abin da na ƙaru da shi a Tamil Nadu Musulminta ne. Mutane na ɗauka duk kudancin Indiya Hindu ne. Ku je Triplicane cikin Chennai ɗin da kuke, akwai Babban Masallacin Wallajah da aka gina a 1795 da zallar dutse. A bakin teku akwai Kilakarai da Kayalpatnam, garuruwan fatake Musulmi masu bin mazhabar Shafi'i, tsofaffin masallatansu da ginshiƙan dutse irin sassaƙar ƙasar. Wani dattijo a Kilakarai ya ɗauko min littafi, na buɗe na ga baƙaƙen Larabci da ɗige-ɗigen da ban saba gani ba, na kasa karantawa. Ya ce Arwi ne, harshen Tamil da haruffan Larabci. Na ce masa mu ma muna da shi, ajami muke ce masa. Na rubuta masa sunan garinmu a bayan wata takarda, ya daɗe yana kallo. Malam Na Bakin Kasuwa, ko don wannan tafiyar ta cancanta.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Wannan kam na yarda da shi, Allah ya saka. A kai Hajiya Juma'a masallacin in akwai sashen mata. Ɗayan kuwa ina nan kan bakana, amma Ɗan Hajiya baligi ne, mahaifiyarsa kuma ta fi mu sanin abin da zuciyarta za ta natsu da shi. A tambaye ta.

Ɗan Gembu:
Ina ta karatu ina murmushi, wai sai an je Indiya za a ga tsaunin shayi. Ku zo Mambila, a Kakara muna da gonar shayi da masana'antarta, ga hazo, ga sanyi, ga shanu a kan tudu. Har kwanar hawan ma muna da ita. Abin da ba mu da shi hanya ce mai kyau da wanda zai tallata mu. Don Allah wanda ya je ya duba min yadda suke yi ƙananan manoma ke samun kasuwa.

Ɗalibar Coimbatore:
Kawu, na duba, don ƙawata 'yar Kotagiri ce, wani gari a tsaunukan shayin, mahaifinta na da 'yar gona. Yawancin ƙananan manoma ba su da masana'anta. Da yamma mota ke zagayawa a auna ɗanyen ganye a bakin hanya, a kai masana'antar haɗin gwiwa ko ta 'yan kasuwa. Can a baza shi ya yi laushi, a murƙushe, a bar shi ya sha iska har ya koma ja, a busar, a tankaɗe, sannan a kai gwanjo Coonoor. Farashin gwanjon shi ke yanke abin da manomi zai samu, kuma kukansu kullum ɗaya ne: ganye ba ya jira, in ka tsinka yau dole ka sayar yau ko nawa aka ba ka.

Amma Yaya Ɗan Hajiya, ga abin da nake so ka gani in kun je. Kowa hoton kore yake ɗauka ya wuce. Ka dubi matan da ke cikin koren. Tun safe suna tsaye a gangare, buhu rataye da igiya daga goshi, leda ɗaure a ƙugu saboda raɓa, matsattsaku na hawa ƙafa lokacin damina. Da yawansu tarihinsu mai nauyi ne. Turawa sun kwashi kakanninsu zuwa gonakin shayin Sri Lanka, bayan 'yancin kai aka hana su zama 'yan ƙasa a can, sai yarjejeniyar 1964 tsakanin firaministocin ƙasashen biyu, Sirimavo Bandaranaike da Lal Bahadur Shastri, ta sa aka dawo da dubban ɗaruruwa Indiyar da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Gwamnatin jihar ta buɗe gonakin shayi a Nilgiri, yankin tsaunukan Ooty da Coonoor, don ta ba su aiki. A 1999 kuma ma'aikatan gonar Manjolai sun fito neman ƙarin albashi a Tirunelveli, 'yan sanda suka kora su zuwa kogin Thamirabarani, mutum 17 suka rasu. Tun da na san wannan ban ƙara ɗaukar hoton mai tsinkar ganye ban gaishe ta na nemi izini ba.

Uwar Biyu:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, batun ruwan zan yi magana. Gaskiya yanzu ne lokacin Courtallam, daga Yuni zuwa Satumba, kuma wanka ake zuwa yi ba kallo ba, maza gefe mata gefe, da tufafi a jiki, an hana sabulu da mai. Na je bara da yarana, ruwan na dukan kafaɗa kamar ana sakin buhun hatsi. Amma dutsen santsi ne da shi, ga turereniya, kuma in an yi ruwa a saman tsauni yakan ƙaru cikin mintoci, 'yan sanda su busa usur su fitar da kowa. Mai sabuwar gwiwa ba ta da abin yi a nan. Faɗuwa ɗaya ta rushe aikin mako shida. Magangarar Hogenakkal da ke kan kogin Kaveri ma haka, sai an sauka matakala a shiga wani kwale-kwale zagayayye kamar babban kwando, kuma in Kaveri ya cika hana shiga ake yi. In ruwa take son gani, daga Coonoor ku je Dolphin's Nose, wani goshin dutse da ake tsayawa kallo, ana hango magangarar Catherine daga can tana zuba tsakanin duwatsu. A sa mata safa mai kauri, a tsaya duk bayan awa ɗaya ta taka kaɗan, kada ƙafar ta kumbura. A ɓoye leda da abinci saboda birrai.

Mai Kayan Keke:
Abinci ba zai ba ta wahala ba. Miyar sambar da zogale ake yi, 'ya'yan ba ganyen ba, rasam kuma ruwan tsamiya ne da masoro. Ka nemo mata kambu kul wajen masu tukwane a bakin titi: gero ne da aka dafa ya kwana, a dama da tsala, fura da nono sak, sai dai su gishiri da albasa suke sawa. Ka ce a bar gishirin ka zuba mata sukari.

Ɗan Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Likita ya amince, da sharaɗin motsa ƙafa safe da yamma. Na karanta wa Hajiya duk abin da kuka rubuta, har da na Malam Na Bakin Kasuwa. Ta ce Malam ya yi gaskiya, ita ba za ta shiga inda ake bauta ba, amma ginin da ya shekara dubu tana so ta gan shi daga waje. Courtallam da Madurai mun cire. In sha Allahu zan dawo da labari.

Ɗan Hajiya:
Jama'a mun dawo Chennai jiya da dare, lafiya lau. Kwana huɗu muka yi a Coonoor. Ruwa ya hana mu fita rana ɗaya, kuma a Dolphin's Nose mun yi kusan awa muna jira hazo ya rufe komai, har ƙanwata ta ce mu tafi, sai ya yaye kamar an ja labule, ga ruwan can nesa fari tas yana saukowa hawa biyu. Hajiya ta yi ta subhanallahi. Mun hau jirgin zuwa Ooty, ta zauna bakin taga cikin bargo.

A Thanjavur mun je da sassafe kafin dutse ya yi zafi. Ta tako da sandarta har ƙofa ta biyu, ta zauna a inuwa, ta ɗaga kai ta daɗe. Ta tambaye ni, "Waɗanda suka ɗora dutsen can na sama, an rubuta sunansu?" Na ce an ce akwai sunayen ma'aikata da yawa a bangon. Ni na zagaya farfajiyar na ga rubutun da Malamin Tarihi ya faɗa, layi bisa layi, ban shiga ciki ba.

Ƙanwata ta Coimbatore, na yi abin da kika ce. Bayan masaukinmu akwai gona, wata dattijuwa na tsinka kusa da shinge. Hajiya ta ce mata wanakkam, ta saki ganye ta haɗa hannu ta amsa. Ta nuna sandar, Hajiya ta nuna gwiwa, sai matar ta ɗaga ledar ƙugunta ta nuna nata gwiwoyin, duk biyun a kumbure. Ba mai jin yaren wani, amma sun fi minti ashirin tare. Ta kama hannun Hajiya ta koya mata inda ake karyawa, ganye biyu da toho ɗaya, yatsunta sun yi baƙi sun tsattsage. Da za mu tafi Hajiya ta aike ni ɗaki na ɗauko sabuwar safar gwiwa da muka saya biyu, ta ba ta ɗaya. Tohon da suka tsinka tare yana nan cikin fayil ɗin asibiti, tsakanin hoton ƙashi da takardar magani. Gobe ƙarfe tara za mu ga likita, a sa mu a addu'a.